Daga Manassas Zuwa Washington Kan Ɗinkin Takalmi

Manassas

Bayan sallar asuba muka fito, ni da jikata Hafsatu. A jami'a aka ce su ɗinka takalmi irin na mutanen da, wanda ba a ganin ɗinkinsa ta waje. Uwarta ta gaya mata cewa mahaifina baduku ne a Kano, sai ta zo mini da tambaya. Ban sani ba, don tun ina yaro na guje wa rumfarsa na bi mota. Na ce mu je inda aka ajiye irinsu mu duba.

Annandale

A nan muka karya da shayi da burodi a gidan Malam Issufu, mutumin Damagaram. Ya tsokane ni, wai ɗan baduku ne zai koyi dukanci wajen Nasara. Ya kai mu tashar jirgin ƙasa.

Washington

A ƙofar gidan tarihi na'ura ta yi ƙara. Basillar mahaifina ce a aljihuna. Hafsatu ta yi wa mai gadi bayani, ya riƙe basillar sai mun fito.

Takalmin yana cikin gilashi, daga Masar, ya yi ɗaruruwan shekaru. Jar fata ce, an danna mata zane a goshi, da sauran ruwan zinariya a baki. Ko zare ɗaya ba a gani. Na daɗe a tsaye, sai na tuna ƙwaryar ruwan da mahaifina ke sa ni in cika kullum, da wata ƙaramar sanda mai santsi a gefenta.

Na ce, "A bai-bai ake ɗinka shi. Zane tukuna, sannan ɗinki. Sai a jiƙa, a tura da sanda a juyo shi."

Cikin Hausarta mai gargada Hafsatu ta ce, "Kaka, ka tabbata?"

Na ce ban tabbata ba.

Gida

Da la'asar muka iso. Washegari Hafsatu ta yi zane, ta huda fata da basillar, ta ɗinka daidai ƙafarta ta hagu. Muka jiƙa, na tura da muciyar uwarta. Ya juyo bai yage ba, ɗinkin ya ɓuya. Sai dai ya ƙi ƙafar hagu, ya zauna daram a ta dama. Wannan kam da na zauna a rumfa da na sani.

Na gode wa Allah da Malam Issufu. Basillar tana wajen Hafsatu, ita kuma tana yanka fatar ɗaya takalmin.