Akuya Mai Hular Kwano da Bel ɗin Baba Mai Walda

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ba zan manta da ranar da wani dattijo ya faɗo daga hawa na biyar ina tsaye ina kallo ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, daga baya kuma in ji kaina ya fasu, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

A lokacin ina aiki da wani kamfani da ke gina dogon bene a hanyar Dir'iyya. Ni ne sefti, wato mai sa ido kada wani ya ji ciwo a bakin aiki. Aiki ne marar farin jini, kowa kallon ɗan sa-ido yake yi maka. Babban abin da nake fama a kai shi ne bel ɗin kariya. Duk wanda zai hau sakala, ƙarafunan nan da ake haɗawa a jikin gini don a taka, dole ya ɗaura bel ya maƙala ƙugiyarsa a ƙarfe. Na yi wa'azi da Hausa, na yi da guntun Larabcina, na yi da Turanci. Da zarar na juya baya sai a kwance, wai zafi ya yi yawa.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne wani mai walda, mutumin Nijar, sa'an mahaifina. Baba muke ce masa. Hannunsa na da kyau, amma taurin kai kamar na jakin kara. Duk ranar da na yi masa magana sai ya ce, "Yaro, tun kana zanen goyo nake hawa ƙarfe. In kwana ya ƙare, igiyarka ba za ta ƙara shi ba." Na ce, "Baba, ai an ce tashi in taimake ka." Sai ya kau da kai ya ci gaba da waldarsa. Ina da ikon kai ƙararsa wurin mudir, shugaban wurin, amma na san ƙarshenta sallama ce, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, ga iyali a gida da ba su da kowa sai shi. Ko in raba shi da abincinsa, ko in zuba ido wata rana in tsince shi a ƙasa. Duka biyun ba na so.

To, a wurin akwai injiniyoyi biyu, ɗaya Ba'amurke, ɗaya Baturen Ingila, kullum cikin tsokanar juna suke a kan wanda ya fi iya yarensu. Lokacin ana yayin hotunan barkwancin nan na intanet, a ɗora wa hoto baiti biyu masu amsa-amo. Da su suke yaƙi a zauren hirarmu na waya. Wata rana Ba'amurken ya sako nasa da ya ƙare da kalmomin route da out. A bakinsa "raut" da "aut" ne, sun dace sarai. Baturen Ingila ya ce sam, "ruut" ake cewa, don haka baitin gurgu ne. Aka kwana biyu ana wannan musu, manya da su, har da ɗauko ƙamus.

Ni dai dariya kawai nake yi, sai ranar da na ji wani lebura ɗan Bangaladash yana tura baro yana rera baitin nan. Mutumin da ko gaisuwar Turanci bai iya ba. Na tsaya na dube shi, na ce a raina, wato dokar da na shekara ina nanatawa ba ta zauna ba, amma shirmen Turawa ya zauna daram.

Na zauna na haɗa nawa. Wahalar ita ce samo kalmomin da za su dace a bakin kowannensu, don kada wani ya ce min gurgu ne, alhali ni Turancina na makarantar gwamnati ne a Kano. Da ƙyar na samu. Na nemo hoton wata akuya tsaye a kan katanga, na ɗora mata hular kwano, na rubuta a ƙasa: Hook your belt and hook it fast, or this climb will be your last. Ma'ana, maƙala bel ɗinka da sauri, in ba haka ba wannan hawan ne na ƙarshenka.

A taron safe na miƙa wa Ba'amurken takardar da na buga hoton a kai na ce ya karanta wa jama'a. Ya gyara tsayuwa ya ce "fest", ya ce "lest". Baturen Ingila ya runtse ido kamar wanda ya tauna tsakuwa, ya karɓe takardar, ya ja "faast" da "laast" har sai da muka ga dasashinsa. Dariya ta ɓarke. Kafin azahar ma'aikata sun rabu gida biyu, 'yan fest da 'yan faast. Abin da ban shirya ba shi ne abin da suka mayar da shi. Duk wanda ya hau sakala bai maƙala ƙugiya ba, sai na ƙasa su fara masa waƙa, waɗannan su ɗauki baitin farko da lafazin Amurka, waɗancan su amsa da na Ingila, ana buga shebur a jikin baro. Ba za a daina ba sai an ji ƙarar ƙugiya.

Baba ya yi ta maza na ɗan lokaci. Rannan ya tare ni a wajen shan shayi, ransa a ɓace, ya ce, "Kai ka haɗa min yaran nan ko? Da furfurata ake min kiɗa?" Na ce, "Baba, ni akuya na sa a hoto, ban ambaci kowa ba." Ya harare ni ya wuce. Ashe mutumin da ba ya tsoron mutuwa yana tsoron yara su mayar da shi abin waƙa. Wata safiya suna buɗe baki ya ja dogon tsaki, ya finciko ƙugiyar ya maƙala. Daga ranar kafin su fara ya riga su.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ana iska mai ƙarfi. Ina ƙasa ina magana da direban tirela sai na ji katako ya zame. Na ɗaga kai na ga Baba ya taho, hannuwa a buɗe. Sai kuma ya tsaya cak, bel ɗin ya riƙe shi, yana lilo a jikin bene. Aiki ya tsaya, har injin kwaɓa siminti aka kashe. Ban san yadda na hau benen ba, na dai ga kaina a tagar hawa na huɗu muna jawo shi ciki.

Haƙarƙarinsa ya bugu, fuskarsa ta kuje, amma da ransa. Na ba shi ruwa ya sha. Da numfashinsa ya dawo ya dube ni ya ce, "Kada ka ɗauka tsoro ne ya sa na ɗaura. Waƙar banzar nan taka ce ta ishe ni." Na ce, "Na sani, Baba." Sai ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na juya na fuskanci bango don kada yara su ga hawayena.

Da yamma Turawan nan suka dasa sabon musu, kowa na cewa lafazinsa ne Baba ya bi. Na bar su da abinsu. Mudir ya yaba min a gaban jama'a, na ji daɗi, amma ba wannan ne abin alfaharina ba. Da shekara ta zagayo, ni na raka Baba filin jirgi, na tsaya ina kallonsa yana jan jakarsa zai je ya ga jikokinsa, a kan ƙafafunsa.

Tun daga nan na daina raina wasa. Na gane cewa in kana son mutum ya tsira, gaskiyarka kaɗai ba ta isa ba, sai ka nemo ƙofar da zai yarda ka shigar masa da ita. Ba don na sauko na yi shirme ba, da a Riyad muka binne shi.