Inda Mata Suka Ƙi Yin Shanya

Bebeji, shida saura kwata na safe

Na fito bayan sallar asuba, tauraruwa ɗaya tana nan rataye a kan kukar bayan gidanmu kamar an manta da ita. Umma ta rako ni zaure ta cusa min ƙullin dabino a jaka. "Ku biyu gare ni," ta ce, "ɗaya a sama, ɗaya a hanya. Allah ya tsare."

Ni da yayana Kabiru muna aiki a wani ƙaramin kamfanin feshin gona da jirgi. Shi ne matuƙi. Ni na gama makarantar tuƙi, amma har yanzu aikin ƙasa nake yi. Tsuntsayen jan baki sun sauka wa shinkafar mutane a bayan Doguwa, kuma akwai wani ƙaramin filin jirgi da ake ginawa a can, jar ƙasa ce aka daddaɓe, ba a kai ga kwalta ba. Yaya zai sauka a kansa sha ɗaya da rabi. Aikina in riga shi zuwa, in taka filin da ƙafata daga wannan baki zuwa wancan, in gaya masa abin da na gani ta oba-oba. Dokarsa ce: filin da ƙafa ba ta taka ba, taya ba ta taka shi.

Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, shida da rabi

Achaɓa ya kai ni bakin titi, ƙaramar bas ta sauke ni a nan. Motar Tudun Wada ba ta cika ba sai takwas saura kwata. Na sha shayi da burodi a tsaye, idona a kan agogo. Direban, wani dattijo mai son zance, ya ji abin da nake yi ya kece da dariya.

"Malama, in ke direbar jirgi ce, me ya haɗa ki da akwalata?"

"Baba, jirgin ma sai an duba masa hanya."

"To ni wa yake duba min? Ramukan nan da sunansu na san su."

Tudun Wada, takwas da rabi

Tafiyar kilomita talatin da wani abu ce, gonakin dawa dama da hagu sun sunkuyar da kai. Ina canza mota Yaya ya kira.

"Ummi, injiniyan filin ya bugo wa manaja, wai an share komai. Manaja ya matsa, manoma suna kuka. Zan tashi sha ɗaya saura kwata. In na iso saman filin zan neme ki. Oba-oba na hannunki?"

"Tana jakata, Yaya."

"To, sai na ji muryarki."

Falgore, tara da kwata

A shingen bakin daji jami'an tsaro suka sauke mu, suka bincike jakunkuna. Wanda ya buɗe tawa ya ɗaga oba-oba ya dube ni.

"Hajiya, ina takardar izinin wannan?"

Sai a lokacin na tuna takardar tana cikin aljihun tebur a ofis. Na nuna katin aiki, na yi masa bayani. Ya saurare ni da mutunci, amma ya girgiza kai. "Kin san dajin nan, kin san masu amfani da irinta. In kin dawo ki karɓa." Ban ga laifinsa ba, laifina na gani.

Muka ratsa dajin. Itatuwa sun haɗe kai a samanmu, birai suna zaune a gefen titi suna kallonmu, waya kuma ba sabis ko layi ɗaya.

Doguwa, goma da minti ashirin da biyar

Ina sauka na kira Yaya, wayarsa a kashe. Na san yana zagaya jirgi yana duba mai da fukafukai, ba ya yarda waya ta raba masa hankali. Na kira manaja na roƙe shi a dakatar da tashin. "Haba Ummi, injiniya ya ce an gama," ya ce, ya ajiye. Na hau achaɓa, kilomita goma sha biyu a hanyar daji, sabis ya sake ɓacewa.

Filin, sha ɗaya saura minti biyar

Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Doguwar shimfiɗa ce ja, sumul kamar daɓen ɗakin amarya. Injiniyan ya tare ni da fara'a. "Tun sassafe na kori masu shanya, na sa an share. Ko allura ba za ki tsinta ba." A gefe, gindin wata ɗorawa, mata wajen ashirin suna zaune kan buhunan masararsu, fuska ba walwala. Tunda aka daddaɓe filin a kansa suke shanya, don babu wuri mai tsabta irinsa a yankin.

Na fara taka shi ina ƙirga taku. Duk inda na bi ina ganin sauran ƙwayoyin masara da tsintsiya ta bari maƙale a ƙasa. A wajen tsakiya sai suka ɗauke. Taku goma babu ko ƙwaya, sannan suka ci gaba. Na koma gindin ɗorawa na durƙusa gaban babbarsu, wata tsohuwa da suke kira Inna Dije.

"Inna, barka da hutawa. Me ya sa ba kwa shanya a tsakiyar can?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Mai hankali zai zuba hatsinsa a kan danshi? Hanyar ruwa ce tun ina yarinya. Sun binne bututu sun rufe, sama ta bushe, ƙasa tana nan da ranta."

Na ruga can na taka da ƙarfi. Ɓawon ƙasar ya fashe, ƙafata ta lume har idon sawu. A zuci na ga tayar gaban jirgi a wurin ƙafata, na ga hancinsa ya kifa, na ga Umma a zaure. Agogo ya ce sha ɗaya da minti goma. Daga sama ba abin da Yaya zai gani sai fili mai kyau, kuma in ya ji shiru zai ɗauka batir ne ya mutu, ya dogara da maganar injiniya ya sauka.

Abu ɗaya ya rage. Duk matuƙi ya san in ya ga farar alamar X a kan fili, an rufe shi. Injiniya ba shi da fenti ko farar ƙasa, ya tsaya yana kallon ramin ƙafata bakinsa a buɗe. Fararen abubuwan da ke wurin buhunan matan nan ne kawai, kuma cike suke.

"Inna, ku taimake ni ku juye masarar, ku ara min buhunan."

"Ɗazu an kore mu kamar awaki, yanzu kuma mu zubar da abincinmu a ciyawa?"

"Wanda ke cikin jirgin yayana ne, Inna. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta kwance bakin buhunta ta tuntsurar da shi. "Ku tashi," ta ce da sauran. "Masara ana tsince ta."

Muka jera buhunan layi biyu a gicciye, muna danne su da duwatsu. Iska tana ɗaga wasu, mata suna take su da ƙafa. Ba mu gama hannu na huɗu ba muka ji ƙugi daga arewa. Inna Dije ta yaye farin mayafinta ta shimfiɗa a gurbin da ya rage, ta zauna a gefensa ta riƙe.

Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa, ya miƙe saitin filin. Sai ƙarar injin ta ƙaru, ya ɗaga hanci ya wuce ta kanmu, ya zagayo sau ɗaya, ya karkaɗa fukafukai, ya juya arewa. Na zauna daɓas a jar ƙasa. Har azahar muna tsintar masara, da injiniyan a cikinmu.

Bebeji, bayan magariba

Na karɓi oba-oba a Falgore, na bi hanyar da na zo. Manaja ya yi faɗa a waya, kuma gaskiya ne jan baki za su ƙara kwana biyu a shinkafar bayin Allah kafin a gyara wurin. Wannan yana damuna har yanzu.

Na tarar da Yaya a tsakar gida kusa da Umma. Takalmina na dama ya kalla, wanda jar laka ta bushe a kansa har wuya. Na sunkuya zan ɗauka in wanke, ya riƙe hannuna.

"Bar shi haka. Gobe a kan teburin manaja zan ajiye shi."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo wa Umma da mu biyu. Ina kuma gode wa Inna Dije da matan gindin ɗorawa, waɗanda suka san filin nan fiye da waɗanda suka gina shi.