Likitan da Ya Koma Gardamau

Tijjani da Abdulƙadir ƴan unguwa ɗaya ne a Bazaga, dangar kara ce ta raba gidajensu. Tare aka sa su lakwal, wato makarantar boko, tare suka tafi sakandaren lise a Ƙonni, tare kuma suka shiga karatun likita a Yamai. Duk tsawon wannan tafiya Tijjani ne a gaba. In an zo faɗin sakamako sunansa ake fara kira, sai an yi nisa a ambaci Abdulƙadir. Abin da Abdulƙadir ya fi kowa shi ne kwaikwayo. Mutum ya yi magana a gabansa, to ya ɗauke muryarsa da tafiyarsa, har da yadda yake sosa ƙeya. Tijjani yakan yi dariya kamar kowa, domin a lokacin bai ga abin da ban dariya zai tsinana wa mutum ba.

Da suka gama, aka tura Tijjani Illela, Abdulƙadir kuma Badagishiri. A can ne abin ya faro, shekarar da ƙyanda ta shiga ƙauyukan fadama. Abdulƙadir ya yi bayani har muryarsa ta dushe, iyaye ba su kawo yara rigakafi ba. Ranar kasuwa sai ya ari tsohuwar riga, ya manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya tsaya tsakanin masu albasa da masu tumatur yana musu da duk wanda ya gifta. Tsoho ne da bai yarda da allura ba, bai yarda da mota ba, bai ma yarda yau ce ranar kasuwa ba. A ƙarshe jikansa ya kwanta, tsohon ya ruga asibiti yana musun cewa gudu yake yi. Mata suka yi dariya har suna riƙe ciki, washegari suka cika harabar asibiti da goyo. Wani ya ɗauki wasan a salula, kafin mako ya zagayo ya kai Illela, an kuma raɗa wa tsohon suna Gardamau.

Tijjani ya gani a wayar wani ma'aikacin jinya, ya murmusa, ya ce, "Yana nan da halinsa."

Daga nan gidan rediyo ya nemi Abdulƙadir, sai masu shirya fim daga Maradi, sai na Sakkwato. Da farko ranakun hutu yake zuwa. Da abin ya yi yawa, ya ga yana barin marasa lafiya suna jira, sai ya ajiye aiki ya koma Ƙonni da zama. Ya biyo ta Illela ya faɗa wa abokinsa.

"Shekarun nan duka da ka yi kana karatu," in ji Tijjani, "ka ƙare da gemun auduga?"

"Gemun ya kawo mini yaran da farar riga ta kasa kawowa."

"Za ka dawo. Ina ba ka damina guda."

Damina ta wuce, wata ta bi bayanta, Abdulƙadir bai dawo ba. Hoton Gardamau ya hau bayan motocin haya, yara suka koyi ɗingishinsa. Tijjani ya fara lura da wani abu da bai so ba. In ya je Bazaga gaishe da mahaifiyarsa, tsofaffin da a da suke kiransa su nuna masa gwiwa ko ido, yanzu tambayar farko ita ce yaushe abokinsa zai zo. A wajen awo ma, marar lafiya yakan dube shi ya ce, "Lokotoro, wai gaskiya ne tare kuka yi lakwal da Gardamau?" Ya ce gaskiya ne. Sai mutumin ya gyara zama, ya dube shi da wani sabon girma, kamar sai yanzu ya cancanci a ba shi hannu ya auna. Wannan girman aron shi ya fi ci masa rai.

Wata safiya wani direban motar siminti daga Malbaza, Maman Sani, ya kawo matarsa Bushira tana naƙuda. Sun zo wajen dangi a wani ƙauye kusa da Illela haihuwa ta kama ta, ɗan kuma ya zo a gicciye. Tijjani ya shiga da ita ɗakin tiyata, ta zubar da jini har ya fara fid da rai, amma ya fito da uwa da ɗa suna numfashi. Maman Sani ya durƙusa yana godiya, ya roƙe shi ya zo suna.

Tijjani ba ya zuwa irin wannan gayyata, amma wannan karon ya je. Ya sa sabuwar shadda, ya tuƙa har Malbaza, yana gaya wa kansa zumunci ne kawai. Aka shimfiɗa masa darduma kusa da liman. Aka yi addu'a, liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Abdulƙadir.

Maman Sani ya matso yana fara'a. "Lokotoro, sunan abokinka ne. Ba don wasan da ya yi kan mai naƙuda ba, da a gida za mu tsaya muna jiƙa saiwa. Shi ya sa na ɗauko ta da wuri."

"Allah ya raya," in ji Tijjani.

Ya ci goro, ya ƙi tsayawa cin nama. A hanya yana bin bayan wata motar siminti, ya ga an zana Gardamau a murfinta da sandarsa. Ya yi ta neman wuri ya wuce ta, hanya ba ta ba shi ba sai kusa da mararraba.

Bayan wannan ne ya karɓi shirin lafiya da wani gidan rediyo ya daɗe yana roƙonsa ya yi. Ya shirya bayani kan zazzaɓin cizon sauro, ya cusa barkwanci a ciki, har ya gwada maƙe murya irin ta tsohuwa. Da ya dawo gida ya tarar da matarsa Wasila tana tsince wake.

"Kin saurara?"

"Na saurara. Bayanin ya fita sarai."

"Wurin tsohuwar fa?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. "Baban Hanifa, na ɗauka mura ce ta kama ka."

Bai sake maƙe murya ba. Ya ci gaba da shirin yadda ya iya, a miƙe, mutane kaɗan suna bugo waya.

Ana nan sai Abdulƙadir ya fito da sabon wasa mai dogon zango, ya ajiye gemu ya sa farar riga. Likita ne mai ɗaure fuska, wanda kafin ya yi magana sai ya tura tabarau da ɗan yatsa, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, mu bi abin a hankali." Ko gobara ta tashi haka zai ce. Ba a yi kwana nawa ba ma'aikatan jinya suka fara sunkuyar da kai suna ɓoye dariya in Tijjani ya taɓa tabarau. Ɗiyarsa Hanifa ta dawo daga lakwal tana murna, ta ce kowa ya ce babanta ne a tele, wato talabijin. A kasuwa masu kabu-kabu suna ɗaga masa hannu suna cewa, "A hankali, Lokotoro."

Tijjani ya ɗauki mota ya tafi Ƙonni. Ya sami Abdulƙadir da mutanensa da hantsi suna ɗaukar fim a wani gida da aka mayar kamar asibiti. Abdulƙadir ya taso da farar rigarsa zai rungume shi, Tijjani ya miƙa masa hannu kawai, suka koma gefe ƙarƙashin itacen bedi.

"Ka rasa wanda za ka mayar abin dariya sai ni?"

"Tijjani, ka kalli wasan har ƙarshe? Likitan nan shi ke ceton kowa. Da na zo yin likitan ƙwarai, kai na gani a idona."

"Ni in yi aikin, kai ka sa rigata a tafa maka. Har ɗan da na ciro da hannuna sunanka aka sa masa."

Abdulƙadir bai san wannan labari ba. Ya tambaya, Tijjani ya faɗa masa a gajarce.

"Ban yi don in ɓata maka ba," in ji Abdulƙadir. "Tunda ba ka so, an bar shi."

Ya cika alkawari. A kashi na gaba aka yi wa likita mai tabarau canjin wurin aiki, aka kawo wani, gajere mai saurin magana, mai yawan mantuwa da makullin buro, wato ofishinsa. Kowa a Ƙonni ya gane wani tsohon likita ne na garin mai suna Ado. Shi Ado daɗi ya ji. Ya je wurin ɗaukar fim da kansa, ya ba da aron hularsa, aka ɗauke su hoto tare. Ba a jima ba aka fara gayyatarsa taro a Tawa, mutane daga ƙauyuka suna cewa wurin likitan cikin wasa za su.

A Illela kuwa abin ya lafa. Masu kabu-kabu suka daina ɗaga hannu, ma'aikata suka daina sunkuyar da kai. Tijjani ya samu abin da ya je nema, ya kuma rasa dalilin da ya sa ransa bai yi sanyi ba. Ranar da ya ga hoton Ado da Abdulƙadir, ya ce wa Wasila mutumin nan ko ɗinkin rauni bai iya da kyau ba. Ta ce ba ta san shi ba.

Yanzu Tijjani ne babban likita a inda yake aiki, furfura ta fara fito masa. Abdulƙadir yana tsakanin Ƙonni da Yamai, ya buɗe wurin koya wa matasa wasan kwaikwayo, wani lokaci ya aiko wa Tijjani marar lafiya da saƙon cewa a kai shi wurin wanda ya fi shi sani. Tijjani yakan duba mutumin da kyau, ya sallame shi, ba ya aika amsa. Da sallar layya suna haɗuwa a Bazaga, su gaisa, su tambayi iyali. Bara Abdulƙadir ya ce yana shirin wani sabon wasa, yana neman wanda zai duba masa maganganun asibiti kada ya yi kuskure. Tijjani ya ce aiki ya yi masa yawa. Da suka rabu Tijjani ya kai bakin mota, sai ya juyo ya tambayi Abdulƙadir ko ya riga ya yi wa Ado maganar.