Lallen da Ya Dawo wa 'Yata da Magana

Ƙarar kofi tana kaɗawa a kan faranti ce ta sa na ɗago kai daga tukunyar koko. A lokacin ni matar gida ce a wani gidan haya a unguwar Nima, na gama sakandare na yi aure, maigidana yana sayar da wayoyi a kasuwar Circle, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ina ɗaukar kaina uwa mai lura, amma sai a safiyar nan na ga hannun 'yata ta fari, mai shekara shida, yana rawa. Ta riƙe kofin da dama, hagun kuma ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta ta danne. Da na janyo shi, bayan yatsun duk ya kumbura, wani wurin har ya yi baƙi.

'Yata bahaguwa ce tun tana rarrafe. Kowa ya san yadda muke ɗaukar hagu a nan. Ko mai wake da shinkafa kika miƙa wa kwano da shi, sai ta tambaye ki daga wane gida kika fito. Ranar da na kai ta makarantar boko a Kotobabi, da bakina na roƙi madam, malamar ajinsu, ta taya ni gyara mata hannu. Ban ce ta doke ta ba, amma kuma ban tambayi yadda za ta gyara ba. Ashe duk sa'ad da yarinyar ta ɗauki fensir da hagu, gefen rula ke sauka a kan yatsunta. 'Yan ajin kuma suka laƙaba mata Hannun Bayi, wato hannun tsarki, suna bin ta da sunan har bakin lungunmu.

Kumburi bai daɗe ba ya sauka. Bakinta ne ya ƙi warkewa. Yarinyar da maƙwabta ke kira rediyon gidanmu ta fara in'ina. Sai ta buɗe baki za ta kira ni, kalmar ta maƙale, ta runtse ido tana buga ƙafa a ƙasa. Daga baya ta daina gwadawa, sai nuni da kai, kullum da safe kuma ciwon ciki. Na je na sami madam, ban ɗaga murya ba. Ta ce haka aka yi mata ita ma, ga ta nan ba ta mutu ba, kuma mu iyayen Zango, wato unguwannin Hausawa, mu ke sayo mata bulala daga kasuwa sannan mu dawo muna ƙorafi. Ban iya musanta mata ba. Na dai roƙe ta ta ajiye rular. Ta ce to, amma a fuskarta na ga ta ɗauke ni uwa mai shagwaɓa 'ya.

Wata Asabar na kai yarinyar Islamiyya a Maamobi, wurin wata dattijuwar malama mutuniyar Nijar. Na ja ta gefe na zayyana mata komai ina hawaye. Ta ce in share fuskata, Wanda Ya halicci dama Shi Ya halicci hagu, kuma ba a ce a ci abinci da dama don a karya wa yara zuciya ba. Ta sa aka kwaɓo lalle, ta ɗora 'yata a cinya, ta yi mata ɗigo zagayayye a tafin dama. Ta gaya mata wannan hannun mai kwalliya shi ne na cin abinci da gaisuwa da karɓa, wancan kuwa ma'aikaci ne, a bar shi ya yi rubutunsa. Sauran 'yan mata suka yo kanta, kowa na son a yi mata. Malama ta ce ita ta tsufa, ido ya ƙi, sai dai su roƙi sabuwar ɗaliba. Da hagu 'yata ta ɗiga musu ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi dariya.

Duk Juma'a nake sabunta mata ɗigon. Ba tsawa ba duka, ba ta sake kai hagu cikin tuwo ba. Magana kuwa a hankali ta dawo. Malamar ba ta taɓa ƙarasa mata kalma ba, ta kuma hana yara yi. Idan ta maƙale, aji duka zai jira ta. A bakin karatu aka fara jin muryarta sumul, sannan a wurin wasa, sannan a gida. Da shekara ta ƙare na canja mata makarantar boko, kuma kafin in bar ta a can sai da na tambayi yadda suke horo, na ji da kunnena.

Abin da na gane shi ne, abin da nake so tun farko na same shi: yarinya mai ladabin hannu. Rula ta kasa ba ni shi, har ta kusa ƙwace mini muryar 'yata, lalle da haƙuri suka ba ni. Don haka 'yan'uwana iyaye, kada ku miƙa yaro ku ce a gyara shi ku juya baya. Ku tambayi da me za a gyara, ku riƙa duba hannuwansu da yawan shirunsu. Malamai kuma ku sani yara suna kwafar halinku fiye da abin da kuke rubutawa a allo, ina da shaida a ɗakina.

Kwanan baya ta tashi da mura, na ce yau ta kwanta, zan aika wa malama. Sai na ga har ta sa hijabinta tana neman takalmi.

"Mma, ba ni magani in sha in tafi," in ji ta, ba ko tuntuɓen harshe. "An kawo wata sabuwa, kullum kuka take yi. Idan ban je ba, wa zai zauna kusa da ita?"