Wanin da Ya Tsallakar da Janar

A gidanmu na Zandam, da zarar an idar da sallar isha'i, Inna takan jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Kakarmu ce ta wajen uba. Ni take kira mai gida, don ni ne babban jikanta namiji, kuma da gaske nake ɗaukar sarautar nan. Yaran maƙwabta suna shan tatsuniyar kura da zomo a gidajensu, mu kuwa tamu guda ɗaya ce tal, ta Idi.

Idi ƙanin babana ne, soja, wanda duk Gwaram ke kira Janar.

"Ga ta nan tafe," in ji Inna, "amma ta yau ma da takalmin soja za ta zo."

Sauran yara su ce ta zo su ji ta. Ni kuwa in turo baki.

Kullum daga wuri ɗaya take farawa. Wata damina aka zo ɗibar yara makaranta, kowane gida ya ba da ɗa guda, gidanmu ya ba da Idi. Ranar tafiya rafin da ke kan hanyar Basirka ya cika ya batse, ga motar Birnin Kudu tana jira a can ƙetare. Idi ya tsaya yana kuka da ƙunshin kayansa. A nan Inna takan sassauta murya, ta tsokani wuta da kara.

"Sai wani ya ɗora shi a wuya ya shiga ruwa. Ruwa ya kai wanin nan har haɓa, amma ko gefen rigar Idi bai jiƙe ba."

"Wane ne wanin?"

"Wani ne dai. Ci gyaɗarka."

Daga nan labari ya kama gudu. Idi ya gama Birnin Kudu, ya shiga makarantar sojoji a Kaduna, an aske masa kai ƙwal. Idi ya zama laftanar, ya zama kyaftin. An tura shi wata ƙasa raba faɗa, harsashi ya same shi a cinya, ya ƙi yarda a ɗauke shi sai da aka kwashe yaransa. Idi kanar, Idi janar. Idina, Idina. A dare ɗaya sai ta kira sunan nan fiye da yadda ake kiran kaji cin tsaba.

Wallahi kishi nake ji. Babana yakan dawo daga gona ƙafafunsa duk faso, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In abinci ya sauka, abin da za ta ce kawai, "A kai wa wancan tuwonsa." Shi ya noma dawar da muke ci, shi ya yaɓe ɗakinta, shi yake goya ta a keke zuwa asibiti. Amma ranar da Janar ya zo da motoci da sojoji, da hannunta ta dama masa fura, tana ta shafa taurarin kafaɗarsa. Babana yana gefe riƙe da tabarmar baƙi.

Wani dare na kasa daurewa. Tana kaiwa bakin rafi na katse ta.

"Inna, ke dai ba kya son babana. Don ba shi da tauraro."

Ta daɗe tana tonon toka, sannan ta ɗebo gyaɗa ta zuba min a hannu.

"Mai gida, kishi zai kashe ka. Ƙurunƙus na yau ya zo da wuri, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na ga tana goge ido da bakin zane, na ce hayaƙi ne. Har lokacin girbin nan ya wuce ban ƙara zama bakin murhunta ba.

Inna ta rasu, shekaru suka ja, na zama malamin makaranta a Birnin Kudu, babana ma ya bi ta. A zaman makoki Janar, wanda ya riga ya yi ritaya, ya zauna kusa da ni a zaure yana miƙe ƙafar nan mai ciwo. Gaisuwar da na yi masa ba ta da gishiri, kuma ya lura.

"Ta taɓa ba ku labarin rafi?" ya tambaye ni.

"Har mun gaji da shi, Baffa."

"To Yaya ne wanin. Shi aka fara rubutawa makaranta, don ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Mahaifinmu yana kwance ba lafiya, sai Yaya ya ce a ɗauke ni, shi zai riƙe fartanya." Sannan ya ce, "Ni ta kira sunana kamar na kowa. Nasa kuwa nauyi yake mata a baki. Na ba dubban mutane umarni, amma har ta koma ga Allah ina kishin Yaya."

Na san al'adar, wa bai sani ba? Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. Amma ban taɓa haɗa wannan da mutumin rafi ba. Ashe duk tsawon labarin nan, da Kaduna da harsashi da taurari, hanya ce take bi don ta isa wurin da za ta yabi ɗanta ba tare da ta karya kunya ba. A gabana take yi kowane dare, ni kuma ina turo baki.

Kishin bai bar ni duka ba, gaskiya. In na ji ana zuba wa Janar kirari a wurin taro, har yanzu nakan turo baki. Sai dai yanzu ni ke ba 'ya'yana labarin, kuma ban rage wa Baffa ko tauraro ɗaya ba. In na kawo bakin rafi ne nake sassauta murya, in faɗi sunan babana, Malam Hamza, sau biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Inna.