Kazar Yahaya

Mijina Yahaya masunci ne, a tafkin Madarumfa ya ƙare ƙuruciyarsa har bayansa ya ƙi, ya jingine taru. Mutum ne marar magana. Bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa tambayata yadda na kwana ba. Shekarar da gwiwata ta kumbura har lokotoron asibiti ya hana ni tafiya, daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya wuce. Na ɗauka haka Allah ya yi shi.

Sai bara ciwon kaji ya shigo unguwa. Namu suka mutu, saura wata ja guda, ita ma ta saki fiffike, wuya ya karkace. Kowa ya san abin da ake yi: a yanka kafin ta zama mushe. Yahaya ya ce a'a.

Ya saro ɓawon maɗaci ya jiƙa. Ya hau amalanke har Safo neman wani magani. Yakan ɗora ta a cinya, ya buɗe mata baki da babban yatsa, ya ɗiga ruwa da cokali, yana cewa, "Sannu, haɗiye." Tsohon zanena ya shimfiɗa mata a kwando. Ina daga gindin murhu ina kallo. Ashe hannun nan ya iya lallashi.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kayar da ni. Na ce yau zan ga matsayina.

"Malam, romo nake so. Ga kaza nan."

"Wadda ba ta da lafiya za ki ci?"

"Ni ma ai ba ni da ita. Mun dace."

Ya dubi kwandon, ya dube ni. Ya shiga ɗaki, na zaci wuƙa zai ɗauko, sai ya fito da taru a kafaɗa. Ya ajiye mini cokali da kwanon maɗaci kusa da tabarma.

"Binta, in rana ta take, ki ba ta."

Aka bar ni da ita. Maƙwabcinmu Ɗanjuma yana gida, ina jin tarinsa, kira ɗaya zan yi ya zo da wuƙa. Na daɗe ina kallonta, tana kallona da ido ɗaya. Na jawo ta na ɗura mata, ban ce mata sannu ba.

Da la'asar ya dawo a duƙe, wando jiƙe, riƙe da tarwaɗa biyu manya. Tsohon da ya bar ruwa ya koma saboda ni, ko kuwa saboda ita, ban sani ba. Ya tsaya a kaina yana haki. Na gyara kwanciya, ina jira.

Ya ce, "Ta sha?"