Shekarar da Mma Ta Daina Jin Ƙamshin Barkono

Mahaifiyata waakye take sayarwa a bakin hanya a unguwar Nima, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Mu 'ya'yanta da masu saye duk Mma muke ce mata. Masu waakye suna da yawa a layinmu, amma nata layin ya fi tsawo, kuma kowa ya san saboda shito ne, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi da citta da albasa.

Ba ta yarda a ce mata barkono barkono ne. Dogon busasshe shi ne na shito, don yana jure doguwar suya kuma zafinsa a hankali yake tasowa. Attaruhu na miya ne, ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ba ta fasa shi, sai ta jefa shi ya ba da ƙamshi ta tsame. Tattasai don launi ne kawai. Tsiduhu, ɗan mitsitsin nan, ta ce mugu ne, cizo kawai ya iya. Wanda take so a ranta shi ne kpakpo shito, ɗan kore mai kumatu da muka koya wajen 'yan ƙabilar Ga. Shi take niƙawa ɗanye a asanka, kaskon niƙa na ƙasa, da albasa da gishiri, ta ci da kenke, tuwon masarar nan mai tsami, idan ta tashi daga kasuwa. A kasuwa ba ta tambayar daga ina aka kawo barkono. Ta fasa ɗaya da farce, ta kai hanci, shi ke nan.

Ina da aure a unguwar Alajo, ina ɗinki, lokacin da aka kira ni cewa ta faɗi a gaban murhu. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na hagu ya yi nauyi, baki ya ɗan karkace. Ta yi kwanaki a asibiti, muka dawo da ita, kuma cikin ikon Allah ƙafa da hannu suka dawo. Kafin damina ta wuce ta koma kan tukunya. Na bar keken ɗinkina na dawo Nima don in riƙa kama mata.

Ni na fara lura. Wata rana shito ya kama a gindin tukunya, ƙauri ya cika tsakar gida har maƙwabta suna leƙowa, ita kuwa tana tsaye a kansa tana juyawa kamar ba komai. Bayan haka sai na ga tana ɗanɗanawa ta ƙara barkono, ta sake ɗanɗanawa ta ƙara. Ta fara zuba tsiduhu a shito, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta daina sayen kpakpo shito, ta ce na bana ba shi da kyau.

Na gaya mata yajin ya yi yawa. Ta ce zaman Alajo ya lalata mini baki, in koma kan allurata. Yayana ma ya gwada, ta kore shi da ludayi.

Masu saye ba su yi magana ba. Wasu suka fara cewa a sa musu miya kawai, ban da shito. Wasu na gan su da idona suna tsallaka titi zuwa wajen wata matar. Abincin da a da yake ƙarewa da hantsi ya koma kaiwa azahar, mu juye saura mu raba wa maƙwabta. Mma ta ce gari ne ya yi zafi, mutane ba sa cin abinci kamar da.

Akwai wani dattijo ɗan Nijar mai gadin shaguna a unguwar Circle, wanda tun ina yarinya yake karyawa a wajenta idan ya taso daga aiki. Shi bai tsallaka ba. Kullum yana zama a benci yana ci, gumi na zuba, yana share ido da bakin rawani. Wata safiya ya ajiye kwanon da rabin abinci a ciki, ya daɗe yana kallonta.

"Hajiya," ya ce, "wanga shito ba naki ba ne. Wuta ce kawai. Lafiya kike kuwa?"

Ta ɗauki kwanon ta wanke, ta sallami mutanen da ke jira, ta ce in kwashe kaya.

Da la'asar ta zauna a tabarma ta sa na kawo attaruhu da tattasai, ta aike ni na samo kpakpo shito a wajen maƙwabciya. Ta rufe ido ta ce in riƙa fasawa ina kai mata hanci, kada in faɗi ko wane ne. Na kai na farko, ta ja numfashi. Na kai na biyu. A na uku ta kama hannuna ta ture.

"Tun asibiti," ta ce. "Komai kamar ruwa ne a bakina. Zafin kawai nake ji, shi ma sai daga baya."

Ba ta ƙara ɗora tukunyar sayarwa ba. Na ce ta zauna ta riƙa faɗa mini ni in dafa, ta ce ba da baki ake auna barkono ba, kuma ba za ta sa sunanta a kan abin da ba ta ji ba. Manyan tukwanen ta ba wata 'yar haya a gidanmu.

Abin da ya biyo baya ya fi wuya. Tunda zafi kaɗai ya rage mata, sai ta koma masa. Tana gutsurar ɗanyen attaruhu da kowace loma, da tuwo, da burodi, har da koko. Hawaye na zuba tana taunawa. Ta ce in ba haka ba, ba ta sanin ta ci abinci. Muka ɓoye barkonon, ta riƙa aiken masu wucewa ta taga. Ranar da ta yi aman jini muka koma asibiti, likita ya ce gyambon ciki ne, barkono kuma ko kaɗan.

Wannan karon ta bi umarni, amma sai ta bar cin abinci. Cokali biyu na koko ta kau da kai. Matar da take ɗaga tukunya ita kaɗai ta koma ina ɗaukarta zuwa banɗaki ba tare da na ji nauyi ba.

A makonninta na ƙarshe takan sa in zauna gabanta da abincina in ci tana kallo. Takan tambaya ko citta ta fito, ko kifin ya yi yawa. Ina faɗa mata iya abin da na iya, ita kuma tana gyaɗa kai, wani lokaci ta ce wanda ya dafa ya yi gaggawar sauke albasa.

Ta rasu ana saura kaɗan a fara azumi, aka kai ta bayan azahar. Na zauna har aka yi sadakar bakwai, sannan na koma Alajo, inda yadukan sallah na mutane suka taru a kan keke suna jirana.